Yinin Lucienne a Kan Baure

Ranar kasuwar Guider ce, cikin watan Agusta. Tun asuba Lucienne ta gama tsinkar kuɓewarta, ta cika daro, ta ɗora damin yakuwa a kai, ta rufe da tsohon zane. Shekararta hamsin da bakwai. Tana amarya mutanenta suka sauko daga duwatsun wajen Mokolo, suka sari gona a wani ƙauye da ke ƙetaren mayo, wato irin rafin nan da kan bushe ƙayau da rani ya bar yashi, ya kawo ruwa da damina. Mijinta Fabien ya rasu shekara shida da suka wuce. 'Yarta ɗaya, Diane, tana aikin jinya a Garoua.

A cocin ƙauyen babu macen da ke riga Lucienne zuwa. Ita ke share ɗakin sujada ranar Asabar, ta yayyafa ruwa, ta goge bencuna. Amma akwai abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Idan mata suka tashi ba da shaida, wannan ta ce Ubangiji ya ziyarce ta a gona, waccan ta ce ta ji shi kusa da ita kamar numfashinta, Lucienne takan tafa tare da kowa, ta koma gida tana tambayar kanta me ya same ta. Ta ba da gaskiya, wannan ba ta shakka a kai. Sai dai addu'arta kullum kamar ta mai yi wa maƙwabci magana ta bayan katanga ce. Ta san yana ciki, amma ko tarinsa ba ta taɓa ji ba. Ta daɗe da haƙura, ta ce wa ranta wataƙila wasu aka yi domin su ji, wasu kuma domin su yi shara.

Da ta iso bakin mayo rana ta ɗan ɗaga. Sama tas take, babu ko ɗigon girgije a kanta. Can arewa dai, a kan duwatsu, hadari ya yi baƙi tun daren jiya, amma wannan nesa ne. Mayon yana da faɗi, mai tafiya da kaya yakan ɗauki minti goma sha biyar kafin ya haye. Ruwan da ke cikinsa ranar bai wuce idon sawu ba, yana bin yashi a hankali. A tsakiya akwai ɗan tudu, a kansa wani tsohon baure da masu ƙetarewa kan huta a inuwarsa.

Ta tuɓe takalmi ta ɗora a kan daro ke nan, sai ta ji muryar da ta sani a bayanta.

"Jam na, Maman Diane?"

"Jam, Malam Salisu. Yau kai ne a ƙauyenmu da sassafe?"

Salisu mahauci ne a Guider, dattijo mai furfura a gemu, yana ɗan ɗingishi da gwiwar hagu. Shekara da shekaru yana sayen awaki wurin Fabien, kuma da shi Lucienne ta goge Hausarta, har ta zama in sun gaisa da Fulatanci sai su juya zuwa Hausa. Yau yana jan wani jan bijimi da igiya, wanda ya saya a rugar bayan ƙauye.

"Wannan ne ya kwanar da ni," in ji shi, yana nuna bijimin da haɓa. "Taurin kai gare shi kamar mai shi. Mu je, in raka ki, ke kuma ki taya ni yi masa tsawa."

Suka shiga. Ruwan da sanyi, yashin yana nutsewa ƙarƙashin ƙafa. Suna tafe yana ba ta labarin matarsa Hamida da ta matsa masa ya daina yawon ƙauyuka saboda gwiwar nan, ita kuma tana ba shi labarin tsutsar da ta shiga mata masara. Sun wuce bauren da kamar taku arba'in sai Salisu ya tsaya cak. Bijimin ma ya tsaya, ya ɗaga kunnuwa.

"Kin ji?"

Ta saurara. Wata ƙara ce ke tahowa daga arewa, kamar ta manyan motocin ɗaukar auduga in sun jeru a hanya. Iska mai sanyi ta bugo fuskarta, da warin danyen laka. Ta dubi ƙafafunta, ta ga ruwan ya yi ja, kara da busassun ganye suna wucewa da gudu.

"Ruwan dutse ne!" Salisu ya daka tsawa. "Yar da kayan! Koma baya, bauren ya fi kusa!"

Ba ta yar ba da farko. Hannunta ya ƙi sakin daron, aikin sati biyu ne a ciki. Sai da ta waiwaya ta ga abin da idonta: a kwanar mayon wani bango na jan ruwa ya ɓullo, ya kai ƙirjin mutum, yana turo kututture da rassa a gabansa. Ta wurgar da daron ta ruga. Salisu yana bayanta yana jan ƙafa, igiyar bijimin tana naɗe a hannunsa, dabbar kuma tana ja da baya.

"Sake shi, Malam! Sake shi!"

Ya kwance igiyar ya jefar. Lokacin da suka taka tudun ruwa ya kai musu gwiwa. Salisu ya durƙusa a gindin bauren ya ce ta taka bayansa. Ta taka, ta kama reshe, ta ja jikinta sama da ƙarfin da ba ta san tana da shi ba. Da ta zauna a rassan farko ta duba ƙasa, ruwa ya kai masa ƙugu, ya rungume itacen, gwiwar ta hana shi hawa. Ta kwance zanen da ta yi ɗamara da shi, ta naɗa gefe ɗaya a reshe, ta sako masa ɗayan. Ya kama, tana ja yana turawa da ƙafa mai lafiya, har ya iso kusa da ita yana haki. Hularsa ta tafi. Bijimin suka hango can ƙasa, kai kawai a sama, yana juyawa cikin ruwa har kwana ta ɓoye shi.

Suka ƙara hawa, suka sami wurin da manyan rassa biyu suka rabu. Lucienne ta zauna a ɗaya ta rungume gangar itacen, Salisu a ɗayan. Kafin su gama numfashi tudun ya ɓace. Duk inda suka duba jan ruwa ne, daga wannan gaɓa zuwa waccan, yana ruri har sai mutum ya ɗaga murya kafin na kusa da shi ya ji. Rana kuwa tana nan tana haskawa kamar ba abin da ya faru.

Salisu ya zaro wuƙarsa daga kube, ya sunkuya ya yi tsaga a jikin bauren daidai inda ruwa ya tsaya.

"Da wannan za mu san ko yana hawa ko yana sauka," in ji shi.

Ba a jima ba tsagar ta nutse. Ya yi wata a sama. Ita ma ta nutse.

Wayar Lucienne tana ƙulle cikin leda a bakin zanenta. Da kyar yatsunta suka kwance ƙullin. Ta kira Diane.

"Mama, ina aiki, zan kira ki an jima."

"Diane, ina kan itace."

"Kan me?"

"Kan bauren tsakiyar mayo. Ruwa ya zo. Ni da Malam Salisu."

Ta ji ƙarar wani abu ya faɗi a wancan gefen, da muryar 'yarta ta canza. "Kada ki motsa. Mama, kin ji ni? Ki riƙe da hannu biyu. Ga ni nan zuwa, yanzu zan hau mota. Kashe wayar kada caji ya ƙare."

Daga Garoua zuwa Guider tafiyar awa biyu ce in hanya ta yi kyau. Lucienne ta san haka, ta kuma san ko Diane ta iso babu abin da za ta iya. Ta kashe wayar ta mayar da ita cikin leda.

Mutane suka fara taruwa a gaɓa biyu. A gefen ƙauye ta gane farar rigar Fasto Guy, da matan coci a bayansa, wasu sun ɗora hannu a ka. A gefen Guider 'yan kasuwa ne da masu babura. Ana ta ɗaga musu hannu, ana ihu, amma ko kalma ɗaya ba ta iso ba. Babu kwalekwale a wannan mayon, don wata tara a shekara yashi ne.

Ba su kaɗai suka nemi mafaka a bauren ba. Cinnaku suka hau da dubbansu, suka bi ƙafafunsu suna cizo, ba halin kaɗewa sosai don kada hannu ya saki. Wani ɓera jiƙaƙƙe ya laɓe a reshen da ke saman kan Salisu yana rawar sanyi. Lokaci lokaci kututture yakan taho ya daki gindin itacen, sai duka bauren ya girgiza har cikin haƙoran Lucienne. Ta ga gawar akuya ta wuce, ta ga rufin wata bukka ya wuce yana juyawa.

Ta yi ƙoƙarin yin addu'a. Addu'ar da ta haddace tun tana yarinya ta fara, ta kai tsakiya ta ɓace mata, ta sake farawa ta sake ɓacewa. Ta gwada da yaren dutse, ta gwada da Hausa. Bakinta yana motsi amma zuciyarta tana kan tsagar wuƙar Salisu, ta huɗu yanzu, wadda ruwa ke lasa. Tsakanin tafin ƙafarta da ruwan bai fi kamu ɗaya ba.

Da rana ta take tsaka ta ɗan karkata, Salisu ya dubi sama ya ce, "Azahar ta yi. Maman Diane, riƙe mini riga."

Ta saki hannu ɗaya ta damƙi bayan rigarsa. Ya sunkuya ya ɗebi ruwan nan da ke neman ransu ya yi alwala da shi, sannan ya gyara zama ya yi sallarsa a zaune, yana sunkuyar da kai a madadin ruku'u da sujada. Ba ta saki rigar ba har ya sallame.

Yana shafa addu'a ke nan sai suka ji wata ƙara daga ƙasa, kamar an karya ƙashi. Ruwa ya cinye ƙasar da ke riƙe da saiwoyin gefen arewa. Bauren ya yi wani nishi, ya karkata. Lucienne ta zame, ƙafafunta suka shiga ruwa har ƙwauri, ruwan ya fizge su kamar hannun mutum. Ta ƙanƙame gangar itacen, kuncinta a manne da ɓawonsa. A gaɓa ta hango mata sun zube ƙasa. Itacen ya tsaya a karkace, yana rawa.

Nan ta san cewa mutuwa ce. Ba tunani ba ne, sani ne, kamar yadda mutum ke sanin yunwa. Ta rufe ido. Duk kalmomin da aka koya mata sun tafi, ba abin da ya rage sai guda uku, ta faɗe su a hankali cikin ɓawon itacen.

"Yesu, ga ni."

Abin da ya biyo baya ta sha ƙoƙarin bayyana shi daga baya, ba ta taɓa gamsuwa da yadda ta faɗa ba. Rurin ruwan bai ragu ba. Cinnakun ba su daina cizo ba. Amma wani ya zo. Kamar yadda mace kan zauna tana tsinkar ganye a tsakar gida, ta ba ƙofa baya, wani nata ya shigo ba sallama, ta san ko wane ne tun ba ta juya ba. Haka ta san shi. Yana nan, a kan bauren, kusa da ita fiye da itacen da ta rungume. Girmansa ya cika wurin har ta ji mayon nan duka, da faɗinsa da haukansa, bai fi ruwan da ke cikin tafin hannu ba. Wani nauyi ya sauko mata, irin wanda da tana tsaye sai ya kai ta ƙasa, amma nauyin bai danne ta ba, riƙe ta ya yi.

Kuma ya san ta. Wannan ne ya fi karya mata zuciya. Ya san asubahin da ta yi ta shara ita kaɗai, ya san daren da Fabien ya cika tana riƙe da kansa, ya san tambayar da take komawa gida da ita ranar Lahadi. Ba ta ji murya ba, ba a ce mata za ta tsira ba. Ta dai gane cewa ko itacen ya tsaya ko ya tafi, ba za ta fita daga hannun da take ciki ba.

Ta buɗe ido. Hasken rana yana kan jan ruwan, yana walƙiya kamar an narkar da tagulla an zuba daga gaɓa zuwa gaɓa. Kowane ganyen baure yana sheƙi. Ta ga ɓeran nan, ta ga furfurar Salisu da ɗigon ruwa a jiki, ta ga duwatsun garinsu can nesa hadari ya fara yayewa a kansu, duka abin ya yi mata kyau har ya yi mata yawa. Hawaye suka zubo mata, sai kuma ta ji tana dariya.

"Maman Diane!" Salisu ya miƙo hannu ya kama damtsenta, ya zaci hankalinta ne ya gushe. "Riƙe da kyau! Me ya faru?"

"Yana nan, Malam."

"Wa?"

"Ubangiji. Yana nan wurin."

Ya dube ta da kyau. Ya ga fuskar da ɗazu ta yi fari fat da tsoro yanzu ta saki, kamar ta wadda ta sauke kaya bayan doguwar tafiya.

"To ai dama ina zai je?" in ji shi a hankali. "Jawo ƙafafunki sama. Ki roƙa mana, ni ma ina roƙo."

Ta jawo ƙafafunta, ya taimaka mata ta koma kan reshen. Ta yi addu'a, wannan karon ba ta nemi kalmomi ba, suka zo da kansu. Ta yi wa Salisu, ta yi wa Hamida, ta yi wa Diane da ke kan hanya, ta roƙa kada direba ya yi gudun da ya wuce kima. Ta daɗe a haka. Tsoron bai dawo ba. Wani kututture ya sake dukan itacen, ta ji dukan, ta gyara riƙo, shi ke nan.

Ba ta san tsawon lokacin da ya wuce ba sai da ta ji Salisu yana kiranta da wata irin murya.

"Duba nan. Duba!"

Tsagar wuƙa ta huɗu ta fito fili, ga laka a jikinta tana bushewa. Ruwa ya sauka da faɗin yatsu uku. Suka zuba wa wurin ido kamar masu jiran tukunya ta tafasa. Can sai bakin tsaga ta uku ya leƙo.

"Alhamdu lillahi," in ji Salisu, ya sake faɗa, ya sake faɗa. Ya share fuska da hannun riga. "Yau da na mutu da Hamida ta ce ai ta faɗa mini."

Lucienne ta kunna waya. Kira goma sha ɗaya. Tana kunnawa wani ya shigo.

"Mama! Ina gaɓa, gefen Guider. Kin gan ni? Ni ce mai ɗaga farin ɗankwali."

"Na gan ki. Ruwa yana sauka, 'yata. Kada ki yi kuka."

"Muryarki... Mama, lafiyarki kuwa?"

"Lafiya lau nake. Ban taɓa yin lafiya irin ta yau ba."

Diane ta ce akwai wani mai sayar da kifi a kasuwa, François, wanda ya yi shekaru yana su a tafkin Lagdo. Ya ce in ruwa ya ƙara sauka zai shiga da igiya. Mahauta abokan Salisu sun kwaso igiyoyin shanu, ana ta ƙulla su.

Sai bayan la'asar François ya yarda ruwan ya yi yadda zai shiga. Suna kallonsa daga kan itacen, wani gajere mai faɗin kafaɗa. Ya ɗaura jarka biyu marasa komai a ƙirji, ya ɗaura bakin igiya a ƙugu, ya yi tafiya mai nisa zuwa sama kafin ya faɗa, don ruwan ya kawo shi. Karon farko ya wuce su da nisa, aka jawo shi baya. Ya huta, ya ƙara matsawa sama, ya sake faɗawa. Wannan karon ruwan ya kawo shi daidai, Salisu ya miƙa masa zanen Lucienne ya cafke.

"Sannunku," in ji François, yana tofar da ruwa. "Wa zai fara?"

"Ita," in ji Salisu.

"Shi," in ji Lucienne. "Gwiwarsa ta kumbura, kuma ya fi ni gajiya."

"Ni ban zo sauraron shari'a ba," in ji François. Ya ɗaure igiyar tam a gangar bauren, ya ɗaga hannu, mutanen gaɓa suka ja ta miƙe. Ya ɗaura wa Lucienne jarka ɗaya. "Maman, sauko. Hannu bayan hannu, kada ki dubi ruwa, ki dubi ƙeyata."

Ruwan ya kai mata ƙirji, wani wurin wuya, yana tura ta gefe da ƙarfi. Ƙafafunta da suka yini a naɗe ba sa jin yashi. Ta bi igiyar hannu bayan hannu. Sau ɗaya ƙafarta ta zurma rami ta sha ruwa, François ya ɗago ta da wuyan riga. Da ruwan ya dawo ƙugu sai ga maza sun shigo sun kama ta ta ko'ina, ba ta ƙara taka ƙasa ba har gaɓa.

Diane ta faɗa mata a jiki, da kayan aikinta na asibiti, duk suka zube cikin laka. Tana kuka tana faɗa. "Ba ki ga hadari a kan dutse ba? Shekara nawa kina ƙetare mayon nan? Saboda kuɓewa, Mama? Kuɓewa?" Tana faɗan tana taɓa mata wuya, tana duba idanunta, tana matsa yatsunta. Lucienne ta bar ta ta yi, tana shafa mata baya kamar ita ce aka ciro daga ruwa.

Aka fito da Salisu, mahauta suka ɗauke shi a kafaɗa suna kabbara. Daga ɗaya gaɓar, yanzu da rurin ya ragu, sai ga sautin waƙar matan coci yana isowa da guɗa. Lucienne ta miƙe da taimakon 'yarta ta ɗaga musu hannu biyu.

Ba halin komawa ƙauye ranar. Salisu ya ce gidansa za su, ba ya son jin wata magana. Hamida ta tarye su a ƙofa, ta dubi mijinta daga sama har ƙasa, ta buɗe baki za ta yi magana sai kuka ya ci ƙarfinta. Ta dafa ruwan zafi, ta ba Lucienne zanenta da rigarta, ta kawo kunun gyaɗa mai zafi da man shafawa don cizon cinnaku. Ana cikin haka, gab da magariba, wani mai babur ya yi sallama ya ce an ga jan bijimi da igiya a wuya can ƙasa, wajen kilomita huɗu, ya fita da ransa, yana tsakiyar gonar wani yana cin masara, mai gonar kuma yana neman mai shi.

Salisu ya yi dariya har ya riƙe gwiwa. "Na ce muku taurin kai gare shi. Ko ruwa bai iya da shi ba."

Ranar Lahadi cocin ƙauye ya cika har waje. Fasto Guy ya ce Maman Diane za ta yi magana. Ba ta taɓa tsayawa gaban jama'a ba. Ta fito, ƙafafunta duk tabon cizo, ta kama gefen teburin. Ta ba da labarin ruwan, da Salisu da ya ba ta bayansa ta taka, da François. Da ta zo kan abin da ya faru bayan itacen ya karkata sai ta tsaya. Ta nemi yadda za ta faɗa ta rasa.

"Ya zo," in ji ta. "Ban gan shi da ido ba. Amma ya zo, kuma yana da girma, kuma ya san sunana. Tun ruwa bai fara sauka ba na riga na huta. Abin da zan iya faɗa ke nan."

Ta koma ta zauna. Wata tsohuwa da ke kusa da ita ta kama hannunta ta riƙe har aka tashi.

Da yamma Diane tana haɗa jakarta za ta koma Garoua, ta sake tayar da maganar da ta kwana uku tana yi.

"Ɗakina na Garoua ya ishe mu mu biyu. Akwai coci a bayan layinmu. Ki zo ki huta, Mama."

"Wa zai cire mini gyaɗa?"

"A sa wani."

"Wani zai bar rabi a ƙasa." Lucienne ta ɗauko ƙullin busasshiyar kuka da na daddawa ta tura cikin jakar. "Bari a gama kaka. In na kai amfanin gona rumbu zan zo in yi miki wata guda, in ga wannan cocin naku. In kin isa Guider ki biya ta kasuwa ki gaishe mini da François, ki ce masa Lahadi mai zuwa ina jiransa da iyalinsa, zan yanka zakara."

Ta ɗauki jakar ta ɗora a kai, ta raka ta har inda masu babura ke tsayawa.